Mama Ta Hau Tudu

Lyon, Faransa
14 ga Maris, 1988

Yaya Saveta,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanen da ya daɗe bai ga fuskarki ba. Yaya Mama da tarin nan nata? Yaya mijinki Ilisie da ciwon bayansa? Ni lafiyata ƙalau, sai haƙori ɗaya da aka cire min a watan jiya. Har yanzu da safe ina rubuta wa masu shaguna allunan ƙofa, da yamma in koma ɗakina in yi nawa zanen.

Akwai labari mai daɗi. Wata mata mai ɗakin baje zane ta ga aikina, ta ce za ta rataye min goma sha biyu a watan Nuwamba. Duk na ƙauyenmu ne: kwarin, gadar katako, tarin ingirici a gangare, hanyar da tumaki ke bi. Na gama sha ɗaya. Na sha biyun ne ya gagare ni.

Tudunmu nake son zanawa, yadda ake ganinsa daga ƙofar bukkar da muke kwana lokacin yankan ciyawa. Yaya, shekara tara ke nan da na fito baje koli ƙasar nan na ƙi komawa, kuma ban taɓa zaton idona zai ci amanata ba. Shekaranjiya na tsaya da buroshi a hannu, na rasa ko hasumiyar cocinmu tana hagu da bishiyar tuffa ko tana dama. Na sa ta hagu, na goge. Na sa ta dama, na goge. Daga ƙarshe na zauna a ƙasa kamar wanda aka yi wa sata.

Ciyawar nan ma ba irin tamu ba ce. Na hau jirgin ƙasa na fita bayan gari don in kalli gonaki. Kore ne, amma kore mai ladabi, kamar kullum ana bin sa da tsintsiya.

Ki taimake ni. In ƙanƙara ta narke ki hau, ki tsaya a ƙofar bukkar, ki rubuta min abin da idonki ya gani daga hagu zuwa dama. Kada ki tsallake ko da dutse ne. Ki tambayi Mama ma, ita ba ta mantuwa.

Ƙanenki,
Nichifor

*

Lunca Mierlei, Romaniya
2 ga Mayu, 1988

Nichifor ƙanena,

Wasiƙarka ta iso bayan mako biyar, an buɗe ta an manne da wani gam mai wari, kamar kullum. Wanda yake karanta mana su a hanya yanzu ya san labarin haƙorinka, ina fatan ya yi maka sannu.

Muna lafiya. Bayan Ilisie yana nan yadda ka san shi, ba ya tashi sai ranar da za a kwashe taki. Saniya ta haihu, mace. Mama tana tari har yanzu, ta rame, amma bakinta bai rame ba.

Na hau tudun ranar Talata da takarda da fensir, har maƙwabta suna tambaya ko gwamnati ce ta sa ni ƙidayar tumaki. Ga abin da na gani. Daga hagu dajin ne, baƙi ƙirin, da sauran ƙanƙara a gindinsa. Sai hasumiyar coci can ƙasa a tsakiyar gangare, da kaburbura a bayanta inda Baba yake kwance. Sai bishiyar tuffa. Wato hasumiyar hagu take, ka yi daidai tun farko. Amma bishiyar ba yadda ka bar ta take ba. Tsawa ta raba ta biyu shekara huɗu da suka wuce, rabi ya mutu, rabi yana fure yanzu kamar ba abin da ya same shi. Ban gaya maka ba a lokacin, don ban san ana rubuta wa mutum wasiƙa a kan bishiya ba. Daga nan sai rafi, sai rufin gidajenmu, sai duwatsun nesa da kullum kake sa wa shuɗi.

Na karanta wa Mama wasiƙarka sau biyu. Ta ce in rubuta maganarta yadda ta faɗa, ga ta:

"Ki gaya wa wancan ciyawa ba kore ba ce. Da safe fara ce saboda raɓa, da rana ta yi ruwan zuma, da yamma ta koma shuɗiya. Wanda bai taɓa sammako ya yi yanka ba ina zai sani? Muna aiki yana kan kututture yana ɓata takarda."

Na ce, "Mama, a Faransa fa za a rataye takardun nan."

Ta ce, "To su Faransawan ba su da taga ne?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta ce, "Ki ce masa ya riƙa cin abinci."

Ta rantse bana ma da ƙafarta za ta hau bukka lokacin yanka. Za mu gani.

Yayarka,
Saveta

*

Lunca Mierlei
20 ga Yuli, 1988

Nichifor,

Ina gaishe ka, da fatan kana da lafiyar jiki. Mu muna nan da sauƙi.

Ban ji daga gare ka ba tun wasiƙar da na aiko maka a watan Yuni. Ban ga laifinka ba, ni ma hannuna da ƙyar yake riƙe alƙalami.

Tun da Mama ta hau tudu gidan ya yi shiru. Ina dafa tuwon masara in ga ya yi yawa. Kowace Lahadi nakan hau in zauna wajenta, in ba ta labarin gida, wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa. Wurin da take yana kallon kwari, can rana take fara sauka da safe. Tarin ya bar ta, ta huta.

Mun gama yankan farko. Ciyawa ta yi kyau bana, tarin ingirici bakwai muka ɗaga, furanni a cikinta har ƙanshi yake bin mutum gida. Ilisie ya yi aiki ba ƙorafi, abin har ya ba ni tsoro.

Ka rubuto ko layi biyu ne, in san kana tsaye da ƙafarka.

Saveta

*

Lyon
29 ga Agusta, 1988

Yaya Saveta,

Gaisuwa da farin ciki. Lafiyata ƙalau, yau ma na fi kullum. Wasiƙarki ta Yuni ba ta iso ba, wataƙila mai gam ya ji daɗinta ya riƙe. Amma ta Yuli ta zo, kuma a tsaye na karanta ta a bakin matakala.

Ashe tsohuwar ta cika alkawarinta, ta hau da ƙafarta. Na san iskar bukka ce maganin tarin nan, ba ƙwayoyin likita ba. Ki bar ta can har sanyi ya fara, kada ki matsa mata ta sauko don tuwonki ya yi yawa. Sai dai wa yake kwana da ita? Kada ku bar ta ita kaɗai a wancan nisan.

Ki gaya mata na ji faɗanta. Na goge koren nan duka, na ɗauki safiya, na yi ciyawar fara da raɓa. Na raba bishiyar biyu yadda kika ce. Kuma na yi abin da ban taɓa yi ba. Kin san ba na sa mutum a zanena, malamaina na zane a birnin Cluj har zolayata suke yi wai ƙauyenmu annoba ta cinye shi. To wannan karon na sa Mama. Tana tsaye ƙasa da bukka kaɗan, da manjagara a kafaɗa, ta ba ni baya tana kallon kwari. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi babban yatsa ba, amma duk wanda ya san ta zai gane tsayuwar nan, hannu ɗaya a ƙugu kamar tana shirin yi wa duwatsu faɗa.

Tun da na sa ta, zanen ya zauna. Ina shiga ɗakin in ji kamar akwai mutum a ciki.

Abu ɗaya ya rage. Wane ɗankwali take ɗaurawa a can? Mai jajayen furannin nan, ko ta koma baƙi irin na tsofaffi? Na bar kan ba launi sai na ji daga gare ki.

Ki sumbaci hannunta a madadina.

Nichifor

*

Lunca Mierlei
6 ga Oktoba, 1988

Ƙanena,

Wasiƙarka ta zo, muna lafiya. Mun haƙe dankali, an fara sanyi.

Mai jajayen furannin ne a kanta. Ka sa shi.

Ba ita kaɗai take ba, kada ka damu.

Allah ya sa baje kolin ya yi kyau. Aiki ya yi min yawa, zan rubuto da tsawo wani lokaci.

Saveta

*

Lyon
4 ga Disamba, 1988

Yaya,

Ina gaishe ku duka, da fatan hunturu ya zo muku da sauƙi. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce.

An yi baje kolin. Mutane sun zo fiye da zatona. Wani dattijo ɗan ƙasarmu, daga wajen Suceava, ya tsaya gaban zanen tarin ingirici ya cire hularsa, sannan ya fita. Takwas sun tafi gidajen mutane. Na Mama aka fi tsayawa a kai. Wani likita ya dawo sau uku yana son sa, mai ɗakin baje zanen tana hararata, na ce wannan ba na sayarwa ba ne, mai shi tana gida tana jira. Ga hotonsa na sa a cikin ambulan. Ki nuna mata a wajen taga inda haske yake, ki rubuto min duk abin da ta ce, ko da zagi ne.

Yaya, wasiƙarki ta Oktoba gajeriya ce, kuma ba muryar Mama a ciki. Ita da ba ta barin wasiƙa ta fita ba ta sa baki ba. Fushi take yi da ni don na sa ta a zane ban tambaye ta ba? Ko jikin ne ya tashi bayan ta sauko? Ki gaya min gaskiya.

Nichifor

*

Lunca Mierlei
22 ga Janairu, 1989

Nichifor ƙanena,

Ina gaishe ka. Lafiyar jiki muna da ita. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Mama ta rasu ranar tara ga Yunin bara, da hantsi, a ɗakinta. Mun binne ta kusa da Baba a bayan coci. Duk wannan na rubuta maka dalla-dalla a wasiƙar Yuni, wadda ba ta iso ba. Da na ce ta hau tudu, na ɗauka ka riga ka sani. Ka manta haka muke faɗa a nan in an kai mutum makwancinsa? Ban taɓa tunanin za ka ɗauka bukka nake nufi ba.

Wannan kuskure ne, ba laifin kowa ba. Abin da ya biyo baya laifina ne.

Da wasiƙarka ta Agusta ta zo, a rumfar saniya na karanta ta, don kada Ilisie ya ga fuskata. Na ga a cikinta Mama tana tsaye da manjagara, tana numfashi. Na ga akwai mutum ɗaya a duniya da uwata ba ta mutu masa ba. Na ɗauki alƙalami in gaya maka, sai na ji kamar ni ce zan kashe ta karo na biyu. Ilisie ya ce, "Saveta, wannan ba tausayi ba ne, sata ce. Uwarsa ce shi ma." Na ce masa ya je ya kula da bayansa. Gaskiya ya faɗa. Na ce bari baje kolin ya wuce, da ya wuce na ce bari Kirsimeti ya wuce.

Ban yi maka ƙarya a kan ɗankwalin ba. Da shi muka binne ta, ita ta zaɓa.

Ba ta sha wahala sosai ba sai kwana uku na ƙarshe. Ana jibi za ta tafi ta sa muka juya gadon ya kalli taga. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki buga masa waya. Na san shi, zai taso ba tunani, su kama shi a kan iyaka. Ki rubuta wasiƙa, kafin ta isa an gama komai." Na ce to. Can ta ce, "Ya gyara ciyawar kuwa?" Na ce ban sani ba tukuna. Ta ce, "Zai gyara. Yana da taurin kai amma yana ji."

Hoton ya iso. Na hau da shi cikin ƙanƙara har gwiwa, na tsaya a kanta na ɗaga shi. Ban san ko hauka ne ba. Ita ce, Nichifor. Hannun nan a ƙugu, ita ce.

In za ka iya yafe min, ka yafe. In ba za ka iya ba yanzu, ina nan.

Yayarka,
Saveta

*

Lyon
10 ga Maris, 1989

Saveta,

Na samu wasiƙarki. Ina lafiya.

Wata bakwai ina gaida wadda take ƙarƙashin ƙasa. Ranar da kuka raba dafaffiyar alkama ta sadakar kwana arba'in, na duba kalanda, ina bakin kogi da abokai muna cin kifi. Ban kunna mata kyandir ko ɗaya ba. Ke kin wanke ta, kin ɗaura mata ɗankwali, kin yi kuka a lokacin kuka. Ni abin da ya rage min shi ne ranar da zan ji, ita ma kin riƙe.

Na juya zanen ya kalli bango. Ban taɓa buroshi ba tun ranar.

Ki ɗan dakata da rubuto min.

Nichifor

*

Lunca Mierlei
17 ga Satumba, 1989

Ƙanena,

Na dakata wata shida, ya isa. Ba sai ka amsa ba.

Muna lafiya. Sukari da mai sai an yi layi a gari, amma mu da saniya da lambu ba mu kwana da yunwa. Ilisie ya yi wa Mama gicciyen katako mai kyau, ya sassaƙa mata manjagara ƙarama a gindinsa. Limamin coci ya ce bai taɓa ganin haka ba, Ilisie ya ce to yau ya gani.

Jiya muka gama yanka na biyu. Da yamma na zauna a ƙofar bukka don ƙafata ta huta. Hazo ya cika kwarin har ba a ganin rufin gidaje, hasumiya kaɗai ta fito. Tumaki suna saukowa, ana jin ƙararrawarsu ba a ganin su. Na ce a raina, da yana nan da ya san yadda zai yi da wannan. Ni ban iya komai da shi ba sai kallo, kuma kallon mutum ɗaya ba ya isar wurin nan.

Ni kaɗai na rage da na san ka kana yaro, kai kaɗai ka rage da ka san ni ina budurwa. Ka yi fushinka, amma ka yi shi kana cin abinci.

Saveta

*

Lyon
8 ga Janairu, 1990

Yaya Saveta,

Ina gaishe ki, ina gaida Ilisie. Kuna lafiya? Harbe-harben nan bai iso wajenku ba ko? Kwana goma na yi gaban talabijin ina kallon gwamnatin da ta raba mu tana faɗuwa, ina neman fuskar da na sani a cikin taron.

Ki yafe min wasiƙar Maris. Na aza miki kayan da ba naki ba. Ke kika zauna, ni na tafi. Wanda ya bar uwarsa shekara tara ba shi da bakin cewa an ɓoye masa kwana. Wasiƙarki ta Satumba na karanta ta har ta yage a ninki. Washegari na ɗauki buroshi na zana hazon nan da hasumiya. Bai yi kyau ba, amma hannuna ya dawo. Zanen Mama ma na juyo da shi. Na so in goge ta, na kasa, kuma yanzu na gode da na kasa.

Jiya na je ofishin jakadancinmu. Sun ce ba abin da zai hana ni shiga, ba mai tambayata komai. Na fito na zauna a kan benci.

Tsoro nake ji, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ina zana wuri ɗaya, har ban san ko shi nake zanawa ko wani da na ƙirƙira ba. In na zo na tarar tudun ƙarami ne fa? In na tsaya a ƙofar gida na ji ni baƙo ne? Ni da na manta yadda mutanenmu suke faɗin mutuwa.

Amma ina so in zo, in kin yarda. Ki gaya min yaushe.

Ƙanenki,
Nichifor

*

Lunca Mierlei
1 ga Fabrairu, 1990

Nichifor,

Kwana goma sha biyu kacal wasiƙarka ta yi a hanya, a rufe yadda ka rufe ta. Mai kawo wasiƙu da kansa ya nuna min bayanta yana dariya. Muna lafiya, ba abin da ya iso nan sai labari.

Wai in na yarda. Gidan ubanka ne, izinin wa kake nema? Na karanta wa Ilisie, ya tashi ya fita. Can na ji ƙarar guduma, ashe gadon ɗakin baya yake gyarawa.

Tudun ba ƙarami ba ne. In ka hau shi da ƙafar mutanen birni za ka gaya min. Baƙunta kuwa za ka yi ta kwana biyu, rana ta uku in ba ka bokiti ka je rafi.

Kada ka zo yanzu, hanya a toshe take. Ka zo makon ƙarshe na Mayu. Ka hau jirgin ƙasa zuwa Sighet, daga nan ka shiga bas ɗin ƙarfe biyu na rana. Ba ya tsayawa a tsohuwar gada kuma, an yi sabuwa ta siminti a gaban injin niƙa, can za ka sauka. Ka taho da takalmi mai ƙarfi. Ka rubuto min ranar, zan zo in tarye ka.

Abu ɗaya zan gaya maka tun yanzu, don kada mu ji kunya a gaban mutane. In ka sauka za ka ga wata tsohuwa gajeriya, mai baƙin ɗankwali, haƙoranta na gaba biyu babu, tana kallon ka. Kada ka wuce ta kana leƙen bayanta kana neman yayarka. Ni ce.

Saveta